An rufe kamfaninmu, aikin ya koma Biyetnam: wa ya san zancen tallafin TAA?

Dan_Maradi_NC
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni, musamman ga waɗanda sunka daɗe nan Amurka. Shekara shida ke nan ina aiki wani kamfanin kujeru kusa da High Point a jihar North Carolina, sashen ɗinkin rigar kujera. Wata biyu da sunka wuce anka tara mu, anka ce za a rufe, aikin za a kai shi Biyetnam. Sun ba mu takardar kwana 60, jiya Juma'a ce munka yi ranar ƙarshe.

Wani dattijo Bature da muke layi ɗaya ya ce mani lokacin da anka rufe masaƙar da yake aiki a 2003, gwamnati ta biya mashi kuɗin makaranta kusan shekara biyu, kuma duk mako tana ba shi na cefane, wai don kayan waje ne sunka kashe masu aiki. Ya ce sunan abin TAA, wato Trade Adjustment Assistance, tallafin gwamnatin Amurka ga waɗanda kayan waje sunka raba da aiki. To wa ya cancanta? Ni katin zama gare ni, ba ɗan ƙasa ba ne. Kuma shekara biyun farko ta hannun ejansi na yi aikin, ba kamfanin ya ɗauke ni kai tsaye ba. Iyali na nan, ga na gida suna jira ƙarshen wata. Wanda ya san wani abu ya taimaka.

Direban_Tirela_TX
Wa alaikumus salam. Allah Ya musanya da mafi alheri. Kafin komai, ran Litinin da sassafe ka cike neman kuɗin rashin aiki na jiha. Kada ka tsaya jiran wani TAA. Ba a biyan makon da ba ka nema ba.

MamanIlham_Ohio
Sannu ɗan'uwa, Allah Ya kawo mafita. Na yi shekaru ina taya mutanenmu cike irin waɗannan takardu, don haka bari in faɗa maka gaskiya tun da wuri: dattijon bai yi ƙarya ba, amma labarinsa tsoho ne. Tun 1 ga Yulin 2022 wa'adin dokar ya ƙare, Majalisa ba ta sabunta ba. Daga ranar Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya ba ta da ikon amincewa da sabon koke. Wanda ya rage a cikin shirin shi ne wanda aka riga aka amince da koken kamfaninsa, kuma aka sallame shi kafin ƙarshen Yunin 2022. Kai da aka sallama jiya, ƙofar a rufe take.

Zancen katin zama kuwa ba shi ne matsala ba. Ko lokacin da shirin yake aiki ba a ce sai ɗan ƙasa ba, izinin aiki ake dubawa.

Dan_Maradi_NC
Innalillahi. Ke nan ihu bayan hari nake yi. Na gode Anti. Amma don Allah ki yi mani bayanin yadda abin yake, ko don in san mi na rasa. Akwai kuma dalilin da ya sa nake tambaya, zan faɗa in na ji.

MamanIlham_Ohio
To, hawa biyu ne. Hawa na farko na jama'a ne: ma'aikata uku, ko ƙungiyar ƙwadago, ko wani jami'in kamfanin, ko ofishin samar da aiki na jiha, su rubuta koke zuwa Washinton. Ma'aikatar Ƙwadago tana da kwana 40 ta yi bincike. Za ta nemi lissafin cinikin kamfanin, har ta tuntuɓi manyan masu sayen kayansa ta tambaye su ko sun koma sayen na waje. Abin da take nema shi ne: an sallami mutane da yawa (kashi 5 cikin 100 ko mutum 50), ciniki ko yawan kayan da ake yi ya ragu, shigo da irin kayan daga waje ya ƙaru, kuma wannan ƙaruwar tana da hannu sosai a sallamar. Ko kuma kamfanin da kansa ya kwashe aikin ya kai waje, kamar naku.

In an amince, sai hawa na biyu, kowa da kansa a ofishin jiha. Dole rashin aiki ne ya sa aka sallame ka, ba kai ka ajiye ba, ba kuma don laifi aka kore ka ba. Kuɗin mako kuma sai ka yi aƙalla mako 26 a kamfanin cikin shekarar ƙarshe. Wanda ya cika waɗannan sharuɗɗa yana samun karatu kyauta, da kuɗin mako bayan na jiha ya ƙare, duka a haɗe har mako 130, da kuɗin neman aiki a wani gari da na kwashe kaya. 'Yan shekara 50 zuwa sama suna da wani zaɓi: in ka sami sabon aiki mai ƙaramin albashi, a cika maka rabin giɓin, har dala 10,000 cikin shekara biyu.

Zancen ejansi: in kana aiki a cikin harabar kamfanin ƙarƙashin ikonsu, akan saka ma'aikatan ejansi a cikin takardar amincewar, har da sunan ejansin. Kai ma ai shekara huɗun ƙarshe naka na kamfanin ne.

Lauyan_Gefe
Ƙaramin gyara, Hajiya. Mutum uku tsohon tsari ne, ƙa'idojin 2020 sun mayar da shi mutum biyu. Sannan ko da an sallame shi kafin rufewar shirin, ba lallai abin ya zo da sauƙi ba. Daga Yulin 2021 dokar ta koma tsohon ƙunci: in an kai aiki ƙasar da ba ta da yarjejeniyar ciniki da Amurka, irin Biyetnam ko Sin, sai an nuna kayan za su dawo kasuwar Amurka. Meziko kuwa kai tsaye ne. Ga kujeru dai nuna hakan ba wuya, tunda nan za a dawo da su a sayar.

MamanIlham_Ohio
Na karɓi gyara, Malam. Ni a zamanin ukun na koya.

TsohonMasaƙi
Ina karanta ku ina dariya, ba dariyar daɗi ba. Wato akwai ƙasar da in kayan waje suka kashe maka aiki gwamnati za ta aiko a bincika, har ta kai ka makaranta? Ɗana na Maraɗi, kai kana kukan an rufe ƙofa. Mu a Kaduna ko ginin ba a taɓa yi ba, balle ƙofa.

Shekara 21 na yi a wata masaƙa a Kakuri, sashen saƙa, har kunnena na hagu ya tafi saboda ƙarar injin. Wata safiya muka zo muka tarar da kwaɗo a get da 'yan sanda. Babu takardar kwana 60, babu ta kwana ɗaya. Albashin watanni yana kansu, giratuti yana kansu. Mun je ofishin ƙungiya, mun je gidan gwamnati, mun zauna a rana da kwalaye. Waɗanda muka fara zaman da su da yawa suna maƙabarta.

Dan_Maradi_NC
Baba, Allah Ya saka maku. Wallahi na ji kunyar kukana.

TsohonMasaƙi
A'a, kada ka ji kunya. Ciwon kowa a jikinsa yake. Nemi haƙƙinka.

YarKakuri
Baba TsohonMasaƙi ya tuna min da gida. Mahaifiyarmu ba ta taɓa shiga cikin masaƙa ba, tuwo da miyar kuka take sayarwa a bakin get, lokacin da ake canjin aiki sau uku a rana. Da wannan tuwon ta kai mu makaranta mu biyar. Ranar da aka rufe ita ma an sallame ta, sai dai ba ta da takarda. Har littafin bashin ma'aikata yana nan a cikin akwatinta, ba ta taɓa bin kowa ba, ta ce wa za ta bi?

Shi ya sa nake son in tambayi MamanIlham: a tsarin na Amurka, irin mahaifiyata tana ciki?

MamanIlham_Ohio
Ba ta ciki, 'yar'uwa. A 2002 an faɗaɗa shi ya haɗa da kamfanin da yake sayar wa wanda aka rufe kayan haɗi, misali mai yin soso ko ƙafar kujera, da wanda yake ƙarasa masa aiki. A 2009 aka saka masu aikin hidima, irin masu amsa waya da aka kai aikinsu Indiya. Amma mai abinci a bakin get, da mai shagon unguwa, da mai gidan haya, babu su a ko wane zubi na dokar.

Mai_Lissafi
Wannan tambayar ta YarKakuri ita ce ainihin raunin shirin. Masu binciken da suka auna illar kayan Sin bayan ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Disambar 2001, su David Autor da abokan aikinsa, sun ƙiyasta kimanin ayyukan masana'antu miliyan ɗaya ne suka tafi tsakanin 1999 da 2011, amma in an haɗa da na kewaye lissafin ya haura miliyan biyu. Wato rabin waɗanda abin ya shafa ba su ma cikin masana'antar da kayan waje suka buga kai tsaye.

Kuma kada Baba ya ɗauka can ɗin aljanna ce. Shugaba Kennedy ne ya kawo shirin a dokar 1962, amma sharuɗɗan sun yi tsauri har aka kai 1969 ba a amince da koke ko ɗaya ba. Sai dokar 1974 ta sassauta. Shugaba Reagan ya zo a 1981 ya datse kuɗin. Tun asali ma ba don tausayi aka yi shi ba. Duk lokacin da ake son Majalisa ta amince da wata yarjejeniyar buɗe kasuwa, sai a miƙa wa 'yan ƙwadago wannan a matsayin toshiyar baki. Da aka daina ƙulla sababbin yarjejeniyoyi, sai aka bar shi ya mutu.

Dan_Kwari
Ku yi haƙuri zan shigo da abin da ba za a so ji ba. Kullum sai a ce Chaina ta kashe masaƙu, 'yan Kwari sun kashe masaƙu. Ni shekara 18 ina sayar da atamfa. Mace ta zo da kuɗin turmi ɗaya, ga biki a gabanta, ga 'ya'ya uku suna jiran kayan sallah. In nuna mata ta gida, in nuna mata ta Chaina da za ta sami biyu ko uku da kuɗin nan. Wacce za ta ɗauka? Ni na hana NEPA kawo wuta? Ni na sa baƙin mai ya yi tsada? Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

TsohonMasaƙi
Alhaji, ban ce kai ba ne. Amma zanenmu da muka zauna muka fitar, a ɗauki hotonsa a kai can, bayan wata biyu ya dawo ta Kwatano da Maraɗi da Jibiya, har da tambarinmu a bakin zanen, wannan ma NEPA ce?

Dan_Kwari
Wannan kam zalunci ne, ban musa ba. Amma a tambayi waɗanda aka ba tsaron iyaka.

Dan_Maradi_NC
Tunda an ambaci garinmu, ba ni iya musu. Muna yara muna ganin manyan motoci suna sauke dila-dila a sito, da dare ƙananan motoci su kwashe su yi kudu. Rabin unguwarmu da wanga aiki sunka ci abinci. Yau ga ni nan kayan waje sun kore ni daga aiki. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Mai_Lissafi
Gardamar Alhaji da Baba ita ce daidai gardamar da mai binciken TAA yake zama ya warware: me ya kashe kamfanin? Dokar Amurka ba ta ce sai kayan waje ne kaɗai sanadi ba, ba ta ma ce sai sun fi kowane sanadi girma ba, ta ce dai su kasance sanadi mai muhimmanci. Da za a ɗora wannan ma'aunin a kan Kakuri, ina ganin da sun tsallake ko da matsalar wuta. Najeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, aka ɗage haramcin shigo da yadi a 1997, sannan a farkon 2005 tsarin duniya mai iyakance yawan tufafin da ƙasashe irin Sin za su iya fitarwa ya ƙare, Sin ta sami fili. Masaƙar KTL ta Kaduna da aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna ta tsaya a 2002, masaƙar UNTL ta rufe a 2007. Ko makaho ya shafa ya ji.

Matsala ɗaya: mai binciken Amurka da alƙaluman kwastan yake aiki. Kayan da suka shigo ta daji da dare ba su cikin littafin kowa. A takarda, shekarun da aka sake haramta shigo da atamfa, babu atamfar waje a Najeriya.

Lauyan_Gefe
Bari in faɗi abin da dokar Najeriya ta tanada, don kada a ce babu komai. Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ya yi magana kan rage ma'aikata: mai kamfani ya sanar da ƙungiya, a bi tsarin wanda ya zo ƙarshe shi zai fara tafiya, kuma ya yi iya ƙoƙarinsa wajen sasantawa kan kuɗin sallama. Ku lura, iya ƙoƙarinsa. Ba a yanka adadi ba, kuma nauyin a kan kamfanin yake, wanda shi ne ya durƙushe. Dokar fansho ta 2014 ta ba wanda ya rasa aiki damar cire kashi 25 cikin 100 na asusunsa in ya yi wata huɗu bai sami wani ba, amma wannan kuɗinka ne, ba tallafi ba. Su Baba ma akasarinsu an rufe kafin asusun ya tara wani abu, tunda a 2004 aka fara tsarin. Asusun inshorar ma'aikata na NSITF kuwa na wanda ya ji rauni a bakin aiki ne. Sai Kotun Ma'aikata, in kana da kuɗin lauya da tsawon rai.

YarKakuri
To biliyan 100 ɗin da aka yi ta shela a rediyo fa? Na tuna mahaifiyata har ta wanke tukwane.

Lauyan_Gefe
Wannan asusun auduga da masaƙu ne da aka bi da shi ta Bankin Masana'antu wajen 2010. Rance ne ga masu kamfani, su sayi injuna su biya bashi. Ba a ware wa wanda aka sallama ko sisi ba. Haka hana masu shigo da yadi dalar gwamnati da Babban Banki ya yi a 2019, da rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Duk dabarun ceto masana'anta ne. Tunanin shi ne in ta tashi za ta mayar da mutane.

TsohonMasaƙi
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ko da ta tashi, wa zai ɗauki mai shekara 60 da kunne ɗaya?

Dan_Kwari
A nan kam ina tare da Baba. Da a ce harajin da ake karɓa a kan kowace kwantena ana cire wani abu a ba waɗanda aka sallama, wallahi da ban ji ciwon biya ba. Yanzu ma ai muna biya, a hanya, ba rasit.

DanZangonKumasi
Gaisuwa daga Kumasi. Mu ma nan labarin ɗaya ne, masaƙun Akosombo da Juapong da GTP duk sun sha wuya. Gwamnati ta kafa kwamitin kama atamfar da aka saci zanenta, ana ƙonawa a gaban 'yan jarida, matan kasuwa suna kuka. Dokar ƙwadagonmu ta 2003 ta ce a biya kuɗin sallama, amma nawa ne, sai yadda aka sasanta. Ƙanin babana bayan an rage su sai ya koma sayar da irin atamfar da ta kore shi. Ya ce aƙalla ya san mai kyau in ya taɓa.

Direban_Tirela_TX
Jama'a mun bar bawan Allah a tsaye muna ta tarihi. Dan_Maradi, ji nan. Ni ma masana'anta na baro, ta kayan mota. TAA ce ta biya min makarantar tuƙin tirela a 2017, sati kaɗan na gama na sami lasisi. Amma abokina da ya zaɓi karatun shekara biyu na gyaran na'urar sanyaya ɗaki, da farko ina yi masa dariya ina kan hanya ina samun kuɗi, yanzu shi yake kwana a gidansa kullum, ni ina kwana a bayan sitiyari. In ka sami wanda zai biya maka karatu, kada ka zaɓi mafi gajarta don gaggawa.

Kuma ko babu TAA akwai kuɗin horar da waɗanda aka sallama a ƙarƙashin dokar horar da ma'aikata da ake kira WIOA, ba ruwansa da ko kayan waje ne ko ba su ba. Je ofishin NCWorks, wato ofishin samar da aiki na jiharku, da takardar sallamarka. Bambancin shi ne ba za su ba ka kuɗin mako na tsawon karatun ba.

Mai_Lissafi
Labarin Direba da abokinsa ya yi daidai da yadda binciken ya rabu biyu. Wanda kamfanin bincike na Mathematica ya yi wa Ma'aikatar Ƙwadago a 2012 ya nuna bayan shekara huɗu waɗanda suka shiga shirin ba su kamo takwarorinsu a samun kuɗi ba, saboda lokacin da suka ɓata a aji. Daga baya wani masanin tattalin arziki, Benjamin Hyman, ya bi mutane har shekara goma, ya ga waɗanda aka horar sun tara kimanin dala 50,000 fiye da waɗanda aka ƙi. Masu son a kashe shirin suna ɗaga na farko, masu son a dawo da shi suna ɗaga na biyu.

Bakatsine_Bronx
Ni tambayata daban ce. Me ya sa sai wanda kayan waje suka kora? Ni kantin da nake aiki saye ta intanet ne ya kashe shi. Maƙwabcina injin aka kawo ya maye gurbinsu su takwas. Cikinmu ba iri ɗaya ba ne da na mai ɗinkin kujera? Yunwa tana tambayar dalili?

MamanIlham_Ohio
Hujjar da ake bayarwa ita ce gwamnati da hannunta ta sa hannu a yarjejeniyar da ta buɗe kasuwa, kowa ya sami kaya da araha, wasu kaɗan suka biya da aikinsu, don haka bashi ne a kanta. Injin kuwa ba ita ta kawo ba. Ban ce hujjar ta gamsar da ni ba. Na ga mata biyu 'yan gida ɗaya, kamfanoninsu suna kallon juna a titi ɗaya, ɗaya aka amince da nasu ɗaya aka ƙi. Wadda aka ƙi tana iya ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Cinikin Ƙasa da Ƙasa a New York cikin kwana 60, amma wa yake da wannan ƙarfin yana neman kuɗin haya?

Bakatsine_Bronx
To ai shi ke nan. Gara a yi wa kowa ɗaya.

Mai_Lissafi
Turai ta bi wannan hanyar. Asusun da suka kafa a 2006 don waɗanda cinikin duniya ya kora, daga 2021 sun buɗe shi ga duk wata babbar sallama, ko injin ne ko annoba. Amurka kuwa maimakon ta faɗaɗa sai ta rufe.

Admin_Zaure
Tunatarwa: an goge saƙo biyu da suka koma zagin 'yan Chaina da na wata jam'iyya. A tsaya kan batu.

Dan_Maradi_NC
Na gode maku duka. Ga dalilin da na ce zan faɗa. Ɗan wan babana, tare muke zaune, shi an sallame shi a watan Maris na 2022 daga wani kamfanin safa da anka kai Honduras. Ya ce wata takarda ta zo mashi daga jiha bayan 'yan watanni, bai gane ba, ya ɗauka talla ce, ya jefa cikin kwali. Tun lokacin yana tuƙin Uber. Kuma tsoro yake ji, wai karɓar kuɗin gwamnati yana ɓata ma mutum takardun zama. Anti, shi fa?

MamanIlham_Ohio
Allahu Akbar. Ka ce ya nemo kwalin nan yau. In takardar tana da lamba mai farawa da TA-W, to an amince da koken kamfaninsu, kuma an sallame shi kafin ƙarshen Yunin 2022, ke nan yana cikin waɗanda suka rage. Ko takardar ta ɓata, a shafin Ma'aikatar Ƙwadago ana iya neman sunan kamfanin. Kuɗin mako da wuya, don shi yana da wa'adin shiga karatu, kuma ya wuce tuntuni. Amma karatun kansa ba shi da irin wannan wa'adin. Ya je ofishin da kansa, ya ce yana son ganin mai kula da TAA, kada ya tsaya a kan mai karɓar baƙi.

Lauyan_Gefe
Zancen takardu: kuɗin rashin aiki inshora ce da kamfani yake zubawa saboda aikin da ka yi, ba sadaka ba ce. Ƙa'idojin shige da fice na 2019 da na 2022 duka ba su lissafa shi cikin abin da yake sa a ce mutum ya zama nauyi a kan gwamnati ba. Duk da haka wanda yake da wata magana a gaban hukumar shige da fice ya ga lauyansa kafin ya sa hannu a komai. Kai kuma Dan_Maradi ka shirya, jiharku tana cikin masu ƙaramin hannu: a 2013 suka yanke mafi yawan abin da ake biya zuwa dala 350 a mako, makonnin kuma suna iya tsayawa a 12.

Direban_Tirela_TX
Mako 12 kamar yau ne. Shi ya sa na ce Litinin.

TsohonMasaƙi
Ikon Allah. Wani takarda ta biyo shi har gida ya jefa a kwali, wani shekara ashirin yana bin takarda. Ɗana, in ɗan'uwan naka ya sami karatun nan, ka ce ya koyi abin da ba a iya sakawa a kwantena.

YarKakuri
Baba, ai tuwo ma ba a saka shi a kwantena, amma ka ga yadda ta ƙare da mu.

Dan_Kwari
Hajiya, ki bari kawai. Yanzu su da kansu suke zuwa Kano su kama sito su sayar wa 'yan ƙauye kai tsaye. Mu da aka ce mun kashe masaƙa, mu ma ana nan ana cin mu. In an kafa irin wannan asusun a saka 'yan Kwari a layi.

TsohonMasaƙi
Ka biyo bayana, Alhaji. Layin yana da tsawo.

Dan_Maradi_NC
Mun sami kwalin. Takardu uku ne ciki, ɗaya ruwa ya taɓa ta amma lambar tana fitowa, TA-W ce. Shi yanzu gardama yake yi, wai shekarunshi 47, ina shi ina aji, kuma in ya zauna karatu wa zai biya kuɗin mota. Na cike nawa neman na jiha yanzu da dare ta waya, ban jira Litinin ba. Anti MamanIlham, in sun ce sai ya daina Uber kafin su biya makarantar, haka dokar take ko ana iya haɗawa?